Baƙuwa Sau Takwas

Ƙarfe biyun dare a Pantami.
Janaretan maƙwabci ya yi tari ya mutu,
saura ni da hasken kwamfuta
da saƙon Adda Nenne mai wake a Tudun Hatsi:
"Yaro, na'urarka ba ta da kara.
Na yi sallama, na ba ta lambar sirri,
na ƙirga mata buhu goma sha huɗu,
ina danna tura sai ta ce, wace ce ke?"

Ba sharri ta yi mata ba.
Cikin sabar nan ma'aikata takwas ne,
uwa ɗaya ta haife su da asuba,
kamarsu ɗaya, bakinsu ɗaya,
amma kowa da aljihunsa.
Na fari ya amsa sallamarta, ya soke sunanta a aljihu.
Ta juya ta dawo, layi ya kai ta gun na biyar,
shi kuwa ko ƙeyarta bai taɓa gani ba.
Haka take ta gaisuwa tun la'asar,
baƙuwa sau takwas a gida ɗaya.

Na ce to, a ɗaure ta da na farin,
duk inda ta zaga a maido ta gunsa.
Ya yi aikinsa dubu, uwar ta sallame shi,
ya tafi da aljihun,
da sunan, da waken.

Sai na kafa allo a tsakar gida:
duk wanda ya amsa sallama ya rubuta a nan,
duk wanda baƙo ya zo masa ya ɗaga kai ya duba.
Na gwada. Biyu suka kai hannu lokaci guda,
wannan na rubutu, wancan na shafewa,
goma sha huɗu ta koma huɗu.
Buhu goma sun salwanta,
ba ɓera, ba ɓarawo.

Alli ɗaya ke nan za a ajiye.
Mai riƙe da shi ya rubuta, saura su kame.
In ya faɗi da allin a hannu fa?
A ƙirga daƙiƙa uku, a ɓamɓare yatsunsa,
kada gida ya tsaya don mutum ɗaya.
Sunan da ya yi rabin awa ba motsi
a share shi, mai shi ya tafi.

A nan hannuna ya tsaya.

Ta bayan bango Baffa ya yi gyaran murya.
Na shiga da ruwa, ya dube ni sama da ƙasa,
ya ce, "Samari, daga ina?"
Shekara talatin da ɗaya ina ba shi lambar sirri.

A bakin taga akwai littafi mai shuɗin bango,
biro ɗaya ɗaure da zaren buhu.
Mun saye shi ran da ni da Hajjo
muka ba shi ƙwayar hawan jini sau biyu,
kowa na tsammanin shi kaɗai ya tuna.
Rubutun Inna: ya ci loma biyar, ya ƙi miya.
Rubutun Hajjo: ya tambayi shanunsa na Dukku,
na ce suna kiwo.
Mu huɗu ke karɓar sa bi da bi,
abin da ya zube daga kansa mu tara a nan,
kuma babu wanda ya sa masa rabin awa.

Na koma, na tura gyaran, na ta da takwas ɗin.
Kafin kiran assalatu waya ta yi ƙara:
"Ta gane ni. Buhuna sun cika."

Na ɗauki biron na rubuta:
huɗu da kwata, ya sha ruwa,
ya kira ni Gidado,
sunan ƙaninsa da ya rasu kafin a haife ni.
Na amsa.